Mutuwar Garth Hudson da makomar makaɗan fiyano, daga Woodstock zuwa Madarunfa

Ranar 21 ga watan Janairun 2025 ne Garth Hudson ya mutu a wani gidan kula da tsofaffi da ke garin Woodstock, cikin jihar New York ta ƙasar Amurka, yana da shekara 87 a duniya. Shi ne na ƙarshe da ya rage daga cikin mutum biyar na ƙungiyar kiɗan rok da ake kira The Band. Hudson ba mawaƙi ba ne. Aikinsa shi ne zama can baya, gaban ogan, kansa a sunkuye, yayin da abokansa ke gaba suna rera waƙa. Duk da haka manyan jaridun Amurka da Kanada da Turai sun ware masa shafuka, gidajen rediyo kuma suka yi ta maimaita kiɗansa.

A Madarunfa ko Ɗan Isa ko Gabi, da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan wannan dattijo. Amma kayan aikinsa kowa ya san shi, ko kuma ya san jikansa: fiyanon lantarkin nan da ake ɗorawa kan tebur a gidan biki, a jona shi da lasifika da injin wuta, saurayi guda ya zauna ya fitar da ganga da algaita da garaya daga cikinsa. Shi ya sa mutuwar Hudson ta tado da wata tambaya da ta shafi jihar Maraɗi kai tsaye. In mai kaɗa fiyano ya rasu a ƙasar Hausa, wa ke tuna sunansa, kuma ina ake samun abin da ya bari?

Wane ne Garth Hudson?

An haife shi ranar 2 ga Agustan 1937 a Windsor, cikin lardin Ontario na Kanada. Ya yi karatun kiɗa tun yana yaro, ya kuma kaɗa ogan a coci. A 1961 ya shiga ƙungiyar The Hawks da ke raka mawaƙi Ronnie Hawkins. Iyayensa ba su so ɗansu ya ƙare a kiɗan gidajen rawa ba, sai ya gindaya sharaɗin cewa kowane ɗan ƙungiyar zai riƙa biyan shi dala 10 a mako a matsayin malamin kiɗa. Da haka ya iya ce wa iyayen koyarwa yake yi. Duk iyalin da ɗansu ya taɓa cewa kiɗa zai yi sana'a sun san irin wannan tirka-tirka.

A tsakiyar shekarun 1960 samarin suka raka Bob Dylan yawon wasa. A 1967 suka zauna da shi a ƙarƙashin wani gida kusa da Woodstock, suna gwada waƙoƙi ba tare da niyyar sayarwa ba. Hudson ne ya kafa na'urar naɗar sauti, shi ne kuma ya adana faifan. An fitar da wani sashe a 1975 da sunan The Basement Tapes, sai a 2014 aka fitar da su gaba ɗaya. Da bai adana su ba, da wani babi sukutum na tarihin kiɗan Amurka ya bi iska.

Kundin farko na The Band, Music from Big Pink, ya fito a 1968. Ƙungiyar ta yi wasan bankwana a 1976, wanda Martin Scorsese ya mayar fim mai suna The Last Waltz a 1978. Richard Manuel ya mutu a 1986, Rick Danko a 1999, Levon Helm a 2012, Robbie Robertson kuma a 2023.

Sai dai shahara ba ta zama arziki ga Hudson ba. Yawancin waƙoƙin ƙungiyar da sunan Robertson aka yi musu rajista a matsayin marubuci, kuma a tsarin haƙƙin mallaka marubuci ne ke kwasar kaso mafi tsoka. Hudson ya sha faɗawa cikin fatarar kuɗi har gaban kotu, kuma a 2013 wani mai gidan haya ya sa kayansa a kasuwa saboda bashin haya. In haka ta faru da wanda duniya ta sani, ana iya kwatanta halin wanda ba a taɓa rubuta sunansa a bayan kaset ba.

Abin da ogan ya kawo cikin kiɗa

Ba'amurke Laurens Hammond ne ya fitar da ogan na lantarki a 1935, da nufin ƙananan coci-coci da ba su da kuɗin babban ogan mai bututu. A cikinsa akwai wasu ƴan faya-fayen ƙarfe da ke juyawa gaban maganaɗisu, kowane yana ba da nasa sauti. Aka haɗa shi da lasifikar Leslie, wadda bakinta ke juyawa, sautin ya riƙa rawa kamar muryar mutum. Makaɗan jaz da na rok suka fizge shi daga coci suka kai shi dandali.

Jon Lord na ƙungiyar Deep Purple, wanda ya mutu ranar 16 ga Yulin 2012, ya jona Hammond ɗinsa da na'urar ƙara sautin gita samfurin Marshall, har ogan ya riƙa ruri yana gogayya da gita. Richard Wright na Pink Floyd, da ya mutu a watan Satumban 2008, ya yi suna wajen shimfiɗa sauti mai sanyi a ƙarƙashin waƙa. Ray Manzarek na The Doors, da ya mutu a Mayun 2013, yana kaɗa sauti mai kauri da hannun hagu a wasanninsu, domin ƙungiyar ba ta da mai gitar bas. Shi kuwa Hudson ya fi son ogan samfurin Lowrey, saboda yana ba shi damar lanƙwasa sauti da sauya launinsa.

Dabarar Manzarek ita ce sirrin da ya kai wannan kayan kiɗa kowane lungu na duniya: mutum ɗaya yana aikin mutum biyu. Da kamfanonin Japan irin su Yamaha da Casio suka shiga ƙera ƙananan fiyano masu araha a shekarun 1980, masu ɗauke da gangunansu a ciki, sai mutum ɗaya ya koma yana aikin biyar.

Mamman Sani, wanda kowa ya ji kiɗansa

Nijar ma tana da nata gwani na ogan. Mamman Sani Abdullahi malamin makaranta ne da ya yi aiki da hukumar Unesco. A wajen wani taron hukumar ne ya ga ogan ƙirar Italiya samfurin Orla a hannun wani wakili ɗan Ruwanda, ya lallashe shi har ya sayar masa, ya kawo shi Yamai. A ƙarshen shekarun 1970 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa, shi kaɗai da oganinsa, inda ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na makiyaya da na sauran al'ummun ƙasar ya zuba su cikin sautin lantarki. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen da aka fi sani shi ne Salamatu.

Zamanin Janar Seyni Kountché ne, zamanin samariya da bikin matasa na ƙasa, lokacin da gwamnati ke neman sautin da zai haɗa kan ƴan ƙasa. Rediyon Muryar Sahel da talabijin ta Télé Sahel suka riƙa sa kiɗan Mamman Sani tsakanin shirye-shirye. Duk wanda ya girma yana sauraren rediyon ƙasa, a Yamai yake ko a ƙauyukan bakin tafkin Madarunfa, ya sha jin wannan sauti kafin labarai ko bayansu. Kiɗa ne da babu murya a ciki, ba a kuma cika faɗin mai shi ba, don haka jama'a suka haddace shi ba tare da sun san na wane ne ba.

Kaset ɗin kuwa kofi kaɗan aka buga, suka ɓace a kasuwa. Sai bayan fiye da shekara talatin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya cikin tarin tsofaffin kaset a Yamai. A 2013 aka sake fitar da shi da sunan La Musique électronique du Niger, daga nan Mamman Sani ya fara zuwa Turai wasa, aka kuma fitar da wasu ayyukansa da suka daɗe a ajiye. Kofi guda da bai lalace ba ne ya tsaya tsakanin wannan aiki da mantuwa, kuma baƙo ne ya tono shi.

Labarin Hama, wani mai fiyano na Yamai, ya yi kama da wannan. Kaɗe-kaɗensa sun yi ta yawo daga salula zuwa salula ta ƙananan katunan ajiya, sau da yawa babu sunansa a kai, kafin kamfanin na Sahel Sounds ya fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019.

Yadda fiyano ya tsallako iyaka

Gundumar Madarunfa tana tsakanin birnin Maraɗi da iyakar Najeriya. Hanyar da ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya ita ce ke kai mutum Katsina da Kano, kuma abin da ya fito kasuwar Kano ba ya daɗewa bai iso ba. Ta wannan hanya ce kaset ɗin finafinan Hausa suka kwararo tun shekarun 1990, tare da sabon salon waƙa da ake kira nanaye ko waƙar fiyano. A ɗakunan naɗar sauti na Kano, fiyanon Yamaha ne ya maye gurbin makaɗa, yana kwaikwayon sarewa da ganga da tafi. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo a kunnen jama'a, har ya zama ƴan mata na rera waƙoƙinsa a dandali daga Kano har Damagaram.

Akwai dalilan da suka sa fiyano ya zauna daram da waƙar Hausa. Yawancin karin waƙoƙin gargajiya kan sautuka biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen maɓallan fiyano, waɗanda ke jere biyu-biyu da uku-uku, sautuka biyar ɗin nan suke bayarwa. Yaro mai kunne yana iya tsintar karin waƙa a kansu ba tare da ya taɓa shiga ajin kiɗa ba. Dalili na biyu kuɗi ne. Mai biki da ba zai iya ɗaukar nauyin makaɗa biyar da ƴan amshi ba, da abincinsu da kuɗin motarsu, yana iya biyan mutum ɗaya da na'urarsa.

Amma akwai abin da aka rasa a wannan ciniki. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana magana ne domin makaɗi na matse tsarkiya da hammata, sautin ya hau ko ya sauka daidai da furucin kalma. Haka ake kiran sunan mutum ko a yi masa kirari da ganga. Maɓallin fiyano sautinsa a kafe yake, gangar da ke cikinsa kuma maimaita bugu ɗaya take yi har sai an tsayar da ita. Ƙwararren mai fiyano yana rage wannan giɓi da ɗan maɓallin lanƙwasa sauti da kuma saurin hannu, kuma a nan ake gane gwani da ɗan koyo. Wannan ƙwarewa ce ke tafiya da mai ita kabari in ba a naɗe ta ba, ba a kuma koya wa wani ba.

Sana'ar ta kuma sha wuya a ƴan shekarun nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar Cedeao ya rufe iyaka, Najeriya kuma ta katse wutar da take bai wa Nijar, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Mai kalangu ba ruwansa da wuta, amma mai fiyano in babu lantarki ko man injin, hannunsa a ɗaure yake. Ga kuma matsalar ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan bakin iyaka, wadda ta sa fitar dare ta zama abin tunani.

Makoki iri biyu

A ƙasashen Yamma, makokin makaɗi yana da tsari. Jarida na da tarihinsa a rubuce, kamfani na da faya-fayensa a ajiye da sunan kowane wanda ya taɓa kayan kiɗa a ciki, masu bincike kuma sun riga sun yi hira da shi. Ran da ya mutu sai a buɗe ma'ajiya kawai.

A ƙasar Hausa makoki na addini ne da zumunci. A yi wa mamaci sutura, a sallace shi, a kai shi makwanci, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku, a yi masa addu'a da sadaka. Ba a kiɗa a gidan rasuwa, ko da mamacin makaɗi ne. Sashen da ya shafi sana'arsa gidajen rediyo ne ke ɗauka, su sa waƙoƙinsa, masu sauraro su bugo waya su yi ta'aziyya. Haka aka yi wa Mamman Shata a 1999, da Barmani Coge a 2013, da Ɗan Maraya Jos a 2015. Haka Maraɗi ta yi jimamin ɗanta Sa'adu Bori, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008, mutumin da ya ɗauko kiɗan bori ya sa shi cikin kayan kiɗan zamani, ya kuma fitar da kundin Niamey Twice tare da Musa Pusi a 1994.

Dukan waɗannan masu murya ne. Al'adar kiɗan Hausa tun asali sunan uban kiɗi take ɗaukakawa, makaɗa da ƴan amshi kuwa sai in shi ya ambace su cikin waƙa. Mutane da yawa za su iya rera waƙoƙin Sa'adu Bori daga farko har ƙarshe, amma ƙalilan ne za su iya faɗin wanda ya kaɗa masa fiyano ko gita a cikinsu. Zuwan salula ya ƙara dagula lamarin: waƙa na yawo a WhatsApp da suna irin wanda mai turawa ya ga dama, wani lokaci ma da lamba kawai.

Rasuwar Malam Mamman Barka a Yamai ranar 21 ga Nuwamban 2018 ta nuna ɗayan gefen. Shi ma malamin makaranta ne, ya je yankin tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma, a hannun dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe, Bukar Tar. Saboda ya koya, ya naɗa, ya kuma yawata da shi duniya, biram bai mutu da tsohon ba. Abin da aka adana tun mai shi na raye shi ake samu a yi makoki da shi.

Abin da doka ta tanada, da abin da ya rage

Nijar ba ta rasa hukumomi ba. Akwai gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu da aka fara a 1987. Akwai cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Alhaji Taya a Yamai, wadda ke da tarin kayan kiɗan gargajiya. Akwai ofishin kare haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA. Dokar ranar 23 ga Disamban 2010 kuma ba marubucin waƙa kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da haƙƙin masu gabatar da ita, wato mawaƙi da makaɗi, da kuma kayan gadon al'ada.

Matsalar ita ce doka takarda take bi. Mai fiyano da aka kira situdiyo, aka biya shi ƴan jikkuna a hannu ya tafi, bai bar shaidar cewa shi ya tsara kiɗan ba. In waƙar ta karɓu, aka sa ta a rediyo ko YouTube, babu inda sunansa zai fito, balle magadansa su nemi wani abu bayan ransa. A lamarin Hudson aƙalla an san wanda ya kaɗa, gardamar ta rabon kuɗi ce. A nan sunan ma ba ya kan takarda.

Gyaran bai buƙaci kuɗi mai yawa ba. Mai situdiyo yana iya rubuta sunan wanda ya kaɗa da ranar naɗi a jikin kowace waƙa kafin ta fita. Mai gabatar da shiri a rediyon gari yana iya faɗin sunan makaɗi tare da na mawaƙi, abin da ba zai ci daƙiƙa biyar ba. Makaɗan kansu suna iya yin rajistar ayyukansu a BNDA, su kuma nemi yarjejeniya a rubuce ko da layi uku ce. Gidajen matasa da al'adu da majalisun gari suna iya tattara tsofaffin kaset da ke cikin akwatunan gidaje a juye su cikin kwamfuta, domin zafi da ƙura da damina suna cin zaren kaset, na'urorin da ke karanta shi kuma suna ƙarewa a kasuwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na da ɗaliban da za su iya zama da tsofaffin makaɗa su naɗi tarihinsu.

Madarunfa gari ne da ya san darajar adana suna. Kaburburan waliyyai 99 da ake dangantawa da kewayen tafkinta har yau ana ziyartarsu, saboda wani ƙarni ya riƙa gaya wa na bayansa inda suke. Makaɗan ogan da fiyano na farko a Nijar, waɗanda suka fara a shekarun 1970 da 1980, yanzu sun manyanta, kaset ɗinsu kuma sun fi su saurin tsufa. Aikin rubuta sunayensu da juye sautinsu yana yiwuwa ne kawai yayin da akwai wanda za a tambaya.